Ƙaramar Lasifika a Gidan Mai Baƙin Bijimi

"Rage ƙarar," in ji Nayibe. "Ƙara ragewa."

Mai shagon ya dube ta kamar ta ce ya kashe wutar kasuwar gaba ɗaya. Ya daɗe yana sayar da kayan sauti a wannan layi na tsakiyar Barranquilla, bai taɓa ganin wanda ya zo sayen lasifika ya ce a rage ba. Kowa cewa yake a ƙure, a ga ko gilashin kanta zai girgiza. Sunansa Wilfrido, ga shi nan a saƙe a aljihun rigarsa. Tun da ta shigo yake kiranta sarauniya, yana ta jan ta wajen wata ƙatuwar lasifika mai fitilu ja da shuɗi da ke tsaye a lungu. Ita kuwa ta ce a jera mata waɗannan siraran marasa waya, masu kama da sanda, da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin. Guda biyar ya jera mata a kan kanta, ba da son ransa ba.

Ta buɗe jaka ta ciro auduga, ta mulmula biyu ta toshe kunnuwanta. Ta haɗa wayarta da ta farko, ta kunna wani shiri da ta naɗa jiya da yamma, inda tsofaffi uku suke gardamar ƙwallo. Sai ta ja da baya taku huɗu har bakin ƙofa, ta rufe ido.

Wilfrido ya leƙa ya kira na shagon kusa, ya zo ya ga ikon Allah: ga mai sayen lasifika ta toshe kunne. Suka yi dariyarsu. Nayibe ba ta ko kalle su ba. Irin wannan dariya ta sha ta shekara biyar a jami'a, ita kaɗai mace cikin maza talatin da ɗaya, 'yar unguwar Rebolo mai zuwa aji da ƙamshin man suya a riga, domin sai ta taya mahaifiyarta soya waina mai ƙwai a bakin titi kafin ta kama bas. Masu dariyar da yawa ba su kai shekara ta uku ba. Ita yanzu ke gyaran na'urorin numfashi a babban asibiti, likitoci na jiran ta ce na'ura ta tashi kafin su taɓa mara lafiya.

Taku huɗu shi ne tsakanin talabijin ɗinta da kujerar lilo ta mahaifinta. Audugar kuwa kunnensa ce.

Mahaifin nata, Don Eusebio Cassiani, ya yi shekara arba'in yana tsaye gaban piko, waɗannan manyan akwatunan sauti masu tsayin ƙofar gida da ake fitarwa titi ranar rawa. Nasa shi ya ƙera da hannunsa, ya sa masa suna Baƙin Bijimi, kuma har yau tsofaffin unguwa na ba da labarin ranar da ya tsaga gilashin tagar kantin magani daga tsallaken titi. Bijimin ya ci kunnen mai shi. Likita ya nuna wa Nayibe a takarda: rugugi da duk wani sauti mai kauri yana shiga, amma siraran sautukan da ke raba kalma da kalma sun tafi. Yana jin ana magana, ba ya jin me aka ce. Na'urar da aka ba shi ta saƙalawa a kunne ya jefa ta aljihun tebur, ya ce ba abin da take jiyar da shi sai ƙarar taunarsa.

A watan Afrilu ya faɗi a ɗakinsa na bayan tsohon shagon aikinsa, ya wuni a ƙasa kafin maƙwabta su lura. Shi ya sa ta ɗauko shi zuwa gidanta, hawa na huɗu a wani bene na arewacin gari, inda mutane ke gaisawa da kai kawai. Ya zo da kayan sawarsa da akwati ɗaya daga cikin na Bijimi, mafi ƙanƙanta, wanda duk da haka sai da maza uku suka hau da shi. Da ya ga ba ya gane maganar talabijin, sai ya yi abin da duk mutumin Rebolo zai yi: ya jona talabijin da akwatin, ya ƙure. Kofuna suka riƙa rawa a kicin. Maganar kuwa ta ƙara nutsewa cikin rugugi, shi kuma ya ƙara ƙurewa.

Takardar ƙorafin ƙara ta uku daga kwamitin benen ta zo jiya. Nayibe ta ɓoye ta cikin littafi, ya gano ta da safe. Ya karanta har inda aka ce idan aka sake, za a nemi mai gida ya karɓi gidansa. Bai yi faɗa ba. Ya shanye baƙin kofinsa, ya ce ranar Litinin zai koma Rebolo, can ba wanda ke rubuta wa maƙwabcinsa wasiƙa. Ta san shi sarai. In ya faɗi rana, ranar ce.

A shagon Wilfrido, lasifika ta farko ta cika ƙugi, ta ɗaga hannu a canza. Ta biyu muryoyin sun haɗe kamar ana magana cikin tulu. Ta uku ta fi kowacce kyau a ido, har da wani ƙaramin akwatin rugugi da ake ajiyewa gefe, Wilfrido yana ta shafa ta, yana cewa ita ya kai wa surukarsa. Nayibe ta ce ya bar wa surukar. Ta huɗun ce mafi gajarta, ba ta kai tsawon hannunta ba. Ta karɓi rimot ɗinta ta duba, ta danna maɓallin da ke ɗaga muryar mutum sama da sauran sauti, ta sauke rugugin har ƙasa, ta koma bakin ƙofa. Ta cikin audugar, duk da kiɗan da ke tashi daga shaguna goma, ta ji tsohon cikin shirin ya ce mai tsaron gida ya fito da wuri. Kowace kalma da gefenta.

Ta ce wannan take so. Wilfrido ya ɗauko takardar garanti yana gunaguni, ya tambayi suna. Da ta faɗa, biron ya tsaya.

"Cassiani na ina? Ba dai na Rebolo ba?"

"Na can."

"Ke 'yar Don Eusebio ce? Mai Bijimi?" Ya ajiye biron. "Haba 'yar'uwa, ki ji tsoron Allah. Ni a gaban Bijimi na haɗu da matata. Kwana uku na yi kunnena na ƙara. Wannan abin za ki kai wa mutumin? Ai ta taga zai wurgo shi."

Ya rantse ba don ciniki yake faɗa ba, don mutuncin tsohon ne. Ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai iya shiga gaban Don Eusebio da abin da za a saka a hamata ba. Na shagon kusa ma ya sa baki, ya ce lasifika a ƙirji ake jin ta, wadda ba ta bugi ƙirji ba rediyon kicin ce.

Nayibe ta zare audugar ɗaya bayan ɗaya ta jefa a kwandon shara.

"Ku kun yi rawa a gabansa," ta ce. "Ni na naɗe masa waya tun ina shekara bakwai. Rubuta sunan."

A bas ta rungume kwalin a cinya, rana na dukan taga, direba ya ƙure nasa kiɗan. Ta tuna yadda mahaifin nata yake korar ta daga teburin aiki, yana cewa dalma da wuta ba na 'ya mace ba ne, da yadda take jira ya fita cin abinci ta ɗauki ƙarfen liƙin ta gwada a kan matattun rediyoyi. Tabon ƙunar na nan a babban yatsanta. Ranar da ta karɓo takardar digiri ya riƙe ta ya juya gaba da baya, ya ce madalla, ya tambaya ko an koya musu naɗa wayar lasifika. Tun daga ranar yake kiranta Injiniya, ba ta taɓa tantance yabo ne ko tsokana ba. Yau dai za ta nuna masa.

Ta same shi a kujerar lilo, talabijin a kashe, fanka na kaɗa masa. Ya ci shinkafar kwakwa da kifin da ta bar masa, ya wanke kwanon, abin da bai saba ba. Ta ajiye kwalin a gabansa ta buɗe.

Ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ina sauran. Ta matso kusa da kunnensa na dama ta ce ke nan. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya auna nauyinta, ya ƙwanƙwasa bayanta da ƙumba.

"Injiniya, burodi kika sayo mana?"

Falon nan shi ne abin alfaharinta: farin bango ba ko hoto, tayil mai sheƙi, ƙofar gilashi zuwa baranda ba labule, domin ta tashi a ɗaki mai duhu cike da wayoyi da katakai, ta yi alkawarin nata ba zai zama haka ba. Talabijin na manne a bango, ƙarƙashinsa akwai wata 'yar kanta mai rami daidai tsawon sabuwar lasifikar, ta auna tun da safe. Ta tura ta ciki ta zauna ɗas, ba waya ko ɗaya a fili. Ta haɗa ta da talabijin, ta saita yadda ta yi a kasuwa. Ƙarfe huɗu ta yi, tsofaffin nan uku sun fara gardamarsu.

Don Eusebio ya tashi ya ɗora tafin hannu a kan kantar. Ya jira. Ya ce ba ta motsi, wannan tun a kwali ta mutu. Nayibe ta ce ya koma ya zauna ya saurara da kunne, ba da hannu ba.

Ya zauna. Ta tsaya gefe tana kallon fuskarsa. Ya karkata kai, ya ƙanƙance ido yana bin leɓunan masu maganar. Ɗayansu ya faɗi wani abu sauran suka kwashe da dariya, shi ma ya yi murmushi, amma a makare, bayan ya ga haƙoransu. Ta san wannan murmushin. Shi yake yi wa likita, shi yake yi wa limamin coci.

Ta ƙara murya kaɗan. Ta je ta tsaya bayan kujerarsa, sai ta ji da kunnenta: kalmomin da suka fito tsaf a kasuwa, a nan suna isowa da jela, kowacce na taka ta gabanta. Ta duba rimot, komai na inda ta sa shi. Ta sake dannawa, ta kashe ta kunna.

"Bar shi, 'yata," in ji shi a hankali. "Kin yi ƙoƙari. Litinin ɗin dai tana nan."

Rabon da ya ce mata 'yata tun ranar jana'izar mahaifiyarta. Ta gwammace tsokanar. Ta shiga kicin ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwan, ta ƙi yarda hawaye ya zubo. Ba ta yi kuka ba ranar da wani malami ya ce mata a gaban aji ta koma ta taya uwarta suya, ba za ta yi shi yau saboda lasifika ba.

Daga falo ta ji tafi. Ɗaya, mai ƙarfi. Shiru. Sai wani daga wani lungun.

Ta fito ta same shi tsakiyar falon, ya tafa ya karkata kai yana sauraren yadda tafin ke dawowa. Ya kalli bango, ya kalli tayil, ya kalli ƙofar gilashi. Sannan ya kalli ramin da ta tura lasifikar, fuskarsa ta yamutse kamar ya ga an ɗaure jaki ta wutsiya.

"Wa ya koya miki saka lasifika a rami? A jami'ar?"

Ta ce wurin ya yi daidai da ita.

"Daidai da ido. Ke wannan ba falo ba ne, banɗaki ne. Ko ni kurma ina jin yadda yake amsawa." Ya nuna da yatsa. "Fito da ita."

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta tuna shagon Wilfrido: kwalaye har rufi, katifun soso a jingine, ƙofa a buɗe, ba inda sauti zai buga ya dawo. Ta gwada lasifika, ta gwada kunne, ba ta gwada ɗaki ba. Ta durƙusa ta zaro ta.

Daga nan ya karɓe aikin. Ya ce bakin lasifika sai ya kalli kunnen mai saurare, ba gwiwarsa ba. Suka nemi abin ɗorawa, tebur ya yi tsawo, kujera ta yi gajarta. Ya tsaya yana kallon akwatin Bijimi da ke lungu, da zanen ƙaho ja a jikinsa da ya fara koɗewa. Ya sunkuya da ƙyar, ya kama wayar da ya jona da talabijin, ya zare ta da kansa, ya naɗe ta a gwiwar hannu yadda ya saba, ya rataye. Suka tura akwatin tare, suka kwantar da shi ƙarƙashin talabijin. Ya shimfiɗa tawul a kai, ya ɗora 'yar lasifikar a bakin gaba, ya koma kujera ya duba, ya sa ta matsar da ita yatsa biyu.

Sai ya ce a kawo ragar lilon da ke baranda a rataya a bangon baya. A kawo bargon gadonta a shimfiɗa a ƙasa. A samo abin rufe gilashin nan. Nayibe ta ce ba za a buga mata ƙusa a bango ba, ya ce to ta tsaya ta riƙe da hannu har shirin ya ƙare. Ta ɗauko guduma. Zanin gado mai furanni ya hau ƙofar gilashi da 'yan maƙalan shanya. Cikin rabin sa'a farin falonta ya koma kamar gidan da ake shirin ƙaura.

Ya miƙo hannu ta ba shi rimot. Ya lalubo maɓallin rugugi zai ɗaga, ta dafe hannunsa.

"Ɗakin naka ne, Baba, na bar maka. Wannan nawa ne."

Ya ce sauti ba rugugi miya ce ba gishiri. Ta ce rugugin ne ke cinye masa magana, ta ga takardar likita, ta kuma san abin da ta karanta. Suka kalli juna, hancinsu iri ɗaya, taurin kansu iri ɗaya. Ya sakar mata rimot ɗin, ya ce ta yi abinta, ai ita ce Injiniya.

Ta sauke rugugin, ta ɗaga muryar, ta tsayar da ƙarar a inda mutum zai iya hira a kai. Ta koma bayan kujerarsa.

Lilon kujerar ya tsaya. Idonsa ya bar leɓunan mutanen ya koma kan bargon da ke ƙasa, kamar mai sauraren ruwan sama daga nesa. Mai furfurar cikinsu yana cewa a shekarar da ƙungiyar gari ta fara cin kofi, da ƙafar hagu aka zura ƙwallon ƙarshe.

"Ƙarya kake," in ji Don Eusebio. "Da kai ya ci. Ina filin."

Ya ci gaba da ba mutumin amsa, yana nuna shi da yatsa, yana kiransa jahili, yana tambayar wa ya ba shi kujera a talabijin. Nayibe ta zauna a hannun kujerar falo, ta harɗe hannuwa. Ta ji wuyanta ya miƙe.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Doña Amparo ce ta hawa na uku, wadda sa hannunta ke ƙasan duk takardun nan uku. Ta tsaya tana murza hannu, ta ce ta ga ƙarfe huɗu ta wuce fitilar rufinta ba ta girgiza ba, shi ne ta ce bari ta hau ta ga ko tsohon lafiya. Ta leƙa ta ga bargo a ƙasa da zanin gado a gilashi.

Don Eusebio bai tashi ba. Ya nuna 'yar lasifikar da haɓa, ya ce 'yarsa ce ta zaɓo, cikin guda nawa ma, Injiniya? Ta ce biyar. Ya ce cikin biyar, da kunne a toshe, domin ta ba shi labari suna buga ƙusa. Ya ce a duk garin nan ba mai kunnen da zai yi wannan sai jinin Cassiani. Sannan ya roƙi maƙwabciyar ta yi haƙuri ta rage murya, ana magana a talabijin.

Da matar ta sauka, shirin ya ƙare, ya kashe da kansa. Ya zauna yana ƙare wa bangon kallo, yana auna shi da ido.

"Litinin zan je Rebolo," ya ce.

Nayibe ta juyo ta kalle shi. Ya ci gaba:

"Akwai katakai da soso a shagona, da zartona. Wannan bargon maneji ne. Lungun can yana buƙatar allo, rufin ma ban yarda da shi ba. Ki nemo mai mota, mu je da safe mu dawo kafin rana ta yi zafi."

Ta dubi falonta, ta dubi ƙusoshin da ke farin bangon. Ta tambaye shi aikin zai ɗauki kwana nawa.

"Wa ya sani? Bijimi ma shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaransa, ban gama ba." Ya tura ƙafa kujerar ta ci gaba da lilo. "Ɗora mana kofi, Injiniya. Labarai sun kusa."